Sunan da Na Kai Ƙetaren Teku

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidajen suna da wuraren zaman makoki, daga Vénissieux har Goutte d'Or. Ana cewa tsoron jirgin sama ne ya hana Hajiya Rakiya ta tarar da ɗanta da hankalinsa, wai ta je ta shiga jirgin ruwan masu yawon shan iska tana cin abinci da cokula uku, yaro yana can yana mutuwa. Ke ma Zuwaira kin faɗa, ba sau ɗaya ba, kuma a gabana kika faɗa, na gode miki da wannan. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda labarina ya kawo wannan shekarar, zan faɗe ta yadda ta kasance, ke da ƙanenki Sani ku karanta, in 'ya'yanku sun girma ku juya musu da Faransanci. Matar da ta hau jirgin sama ta je Makka, ta yi ta zuwa Yamai tana dawowa, ba tsoron sama ke damunta ba.

Sai na ɗauko zancen daga nesa, don ba ku taɓa gane abin da ke tsakanina da yayanku ba. Ko a nan kuna gani ba na rubuta sunansa. A Damagaram inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa gwiwa wata ce za ta ɗauke shi, ita ta kau da kai zuciyarta tana ƙuna. Kunya ake ce wa abin, kuma duk wanda ya tashi a can ya san ba ƙiyayya ba ce. Uwata har ta koma ga Allah ban ji sunan babban wanmu a bakinta ba, amma da ya riga ta rasuwa abinci ma daina shiga cikinta ya yi. Sai dai a can al'adar tana da ɗaya rabin. Da an yaye yaro kakarsa take ɗauke shi, ita ce mai kiran sunansa safe da yamma, ta yi masa kirari, ta ce mijinta ne, ta ɓoye masa ƙanzo a ƙwarya. Gwaggonni da kawunnai sun cika gida. Yaro ba ya ma lura akwai baki ɗaya da ba ya kiransa. Ni da babanku, Allah ya jiƙansa, muka ɗauko rabin al'ada muka zo da shi Lyon, muka baro ɗaya rabin a can. A saman wani dogon bene muka zauna mu uku, uba mai kunya, uwa mai kunya, sai yaro. Babu mai kiran sunansa sai malamarsa a lakwal, wato makarantar boko.

Ni dai «kai» nake ce masa. Kai, zo ka ci tuwo. Kai, sa rigar sanyi. Da aka haife ku sai na samu sauƙi, ya koma «yayanku». Ku kuwa na kira sunayenku har sun tsufa a bakina, na goya ku, na sumbace ku a ƙofar lakwal kamar yadda matan Turawa suke yi, yana tsaye yana kallo da jakarsa a baya. Ban ga laifin abin ba a lokacin, kuma ba zan zauna yau in ce muku uwata da kakata mugaye ne ba. Abin da aka ba ni shi na riƙe.

Akwai wata Asabar a kasuwar Minguettes, yana ɗan aji biyu ko uku, ke Zuwaira kina bayana a goye. Na tsaya cinikin albasa, na waiwaya ban gan shi ba. Na bi layin masu yadi, na bi na masu nama, ina ta «kai, kai», mutane suna kallona kamar mai korar awaki. Wata Balarabiya ta riƙe hannuna ta ce in faɗa mata sunansa su taya ni kira. Na buɗe baki, na nuna mata tsawonsa da hannu, na ce rigarsa shuɗiya ce. Ta sake tambaya, na sake cewa shuɗiya. Can na same shi a bayan motar mai kifi, na dalla masa mari, muka tafi gida. Sai bayan shekaru da yawa, ranar da zai tafi Amurka aikin gyaran lif na dogayen gine-gine, muna tsaye a tashar Part-Dieu babanku ya je sayo ruwa, yayanku ya sunkuyo ya ce mini:

«Maman, ran nan a kasuwa ban ɓata ba. Ina bayan motar ina kallonki. So nake in ji ko za ki kira ni.»

Na ce masa ya kula da salla, ya kuma riƙa sa hula don an ce sanyin can ya fi na nan. Jirgin ƙasa ya zo ya shiga. Daga nan sai waya ranar Juma'a, sai zuwa hutu shekara biyu sau ɗaya, sai aurensa da Aminata, 'yar Gine mai hankali wadda ban taɓa samun abin faɗa a kanta ba duk da na nema. Maganar tashar nan kuwa ta zauna mini a ƙirji, ina cewa wata rana in ya zo hutu, in babu kowa a ɗaki, zan zaunar da shi. Hutu ya yi ta zuwa yana wucewa, kullum da mutane a ɗaki.

A shekarar da nake ba ku labari, na dawo daga Yamai cikin sanyi, ƙafata ta hagu ta kumbura kamar taɓarya. Kafin a ce me, numfashi ya gagare ni a kan matakala. A asibiti suka ce jini ne ya daskare saboda dogon zama a jirgi, gudan ya tashi daga ƙafa ya toshe huhu, saura ƙiris ku yi zaman makokina. Ban daɗe da fitowa ba, ina tafiya ina dafa bango, Aminata ta buga waya tana kuka. Ciwon kan da yayanku ya daɗe yana shan magani a kai, ashe ƙari ne a ƙwaƙwalwa. An buɗe an rufe, likitoci sun ce ba abin da hannunsu zai iya. Idonsa ya fara tafiya. Sun ce wanda yake son ganinsa ya zo.

Sani ya kai ni wurin likitata, wata yarinya siririya da ba ta kai Zuwaira shekaru ba, amma ba ta iya ɓoye magana ba. Ta ce huhuna bai warke ba, zaman awoyi a sama yanzu yana iya ƙarasa abin da wancan ya fara. Ta ce da allura da safar roba ana rage haɗarin, wasu sun yi sun sauka lafiya, amma ita ba za ta ce mini in tafi ba, in jira 'yan watanni. Na tambaye ta ko za ta iya buga wa ƙarin da ke kansa waya ta ce shi ma ya jira. Ba ta yi dariya ba. A mota Sani ya ce ya taɓa jin har yanzu akwai jirgin fasinja da yake ƙetare teku daga Ingila zuwa New York cikin mako guda, da likita a ciki, mutum yana yawo da ƙafarsa yadda yake so. Ya duba a wayarsa, ya ce akwai wuri, sai dai ba kullum yake tashi ba, mai zuwa sai an ɗan jira.

Da daddare kika zo gidan, Zuwaira, ko jakarki ba ki ajiye ba. Kin tuna abin da kika ce, ni ma na tuna.

«Maman, gobe da yamma za mu iya kasancewa a gefensa. Jirgin ruwa kuma, a wannan zamanin? Mutuwa kike tsoro?»

«Mutuwa ta zo ta same ni a kan matakala, mun gaisa,» na ce miki. «Akwai abin da zan kai masa. In na mutu a sama, wa zai kai?»

Kika ce in ba ki ki kai, don kin ɗauka rubutu ne ko turare. Na ce ba abin da ake sawa a jaka ba ne. Ban yi miki bayani ba, don uwa ba ta zama ta faɗa wa 'yarta cewa za ta je ta karya kunyarta. Ga shi yau na faɗa miki: sunansa zan kai masa. Na yi niyyar in zauna a bakin gadonsa, in riƙe hannunsa, in kira shi da sunan da aka raɗa masa, da bakina, ya ji. Gawa ba ta kiran suna. Na auna hanyoyin biyu, ɗaya mai sauri wadda ƙila ba zan sauka da rai ba, ɗaya mai nawa wadda na tabbata zan isa. Na zaɓi tabbas. Ba wanda ya gaya mini cewa shi ne ba shi da tabbas ɗin, ko kuma an gaya mini ban ji ba. Washegari kika tashi ta sama kina fushi, ni kuma Sani ya sa ni a jirgin ƙasa zuwa Paris in jira ranar tashi a wurin gwaggonku Hadiza.

Kun san Hadiza, ƙanwar babanku, da shagonta na turare da atamfa a Goutte d'Or, da bakinta da ba ya gajiya. Na zauna a bayan kantarta a kan buhun gumba ina kallon ƙafafun mutane suna wucewa zuwa Barbès, kowa yana sauri ban da ni. Duk wanda ya shigo sai ta ce masa ga matar yayanta za ta tafi Amurka ta ruwa kamar buhun shinkafa. Ita kaɗai ta gane abin da zan je yi ba tare da na faɗa ba, don ita ma ɗiyar Damagaram ce, ita ma tana da na fari. Wata rana bayan azahar da shago ya yi shiru ta ajiye salularta a cinyata.

«Yaya Rakiya, ki kira shi yanzu ki hwaɗi abin da za ki hwaɗi. Ni zan hita in ba ki wuri. Ba ki san mi Allah zai yi kahin ki isa ba.»

Na mayar mata da wayar. Na ce sunan da na riƙe fiye da shekara arba'in ba zan jefa shi a salula ba kamar mai kiran taksi, ga ƙarar jirgin ƙasa a kanmu, ga mai neman turaren wuta a ƙofa. Ido da ido za a yi. Ta ce ai idon ma an ce ya tafi. Na ce to hannu da hannu. Ta girgiza kai ta ce taurin kaina ne ya sa yayanta ya yi furfura da wuri, ta cika mini jaka da kilishi da dabino, ranar tafiya Sani ya zo, ta raka mu har tasha tana share hawaye da gefen lulluɓinta. Sani ya kai ni har bakin ruwa a Ingila, ya juya saboda aikinsa.

Jirgin nan kamar an ɗauko ginin da muka zauna a Minguettes ne an kwantar da shi a kan ruwa, sai dai shi lif ɗinsa yana aiki. Masu cewa na je shan iska, ina ma su ne suka sha ta. Yawancin mutanen ciki tsofaffin Turawa ne da suka gama aiki suka rasa yadda za su yi da lokaci. Da rana su kwanta a kujeru da barguna suna kallon ruwa, da la'asar su sha shayi ana busa musu kiɗa, da yamma su sa tufafin biki su je cin abinci, bayan nan su yi rawa a hankali suna riƙe da juna kada su faɗi. Babu wanda yake son a isa sai ni. Abin da ya fi cin raina shi ne agogo. Kusan kowace rana sai su sanar cewa a mayar da shi baya da awa ɗaya, don muna bin rana zuwa yamma. Mutane suna murna wai an ƙara musu barci, ni kuwa ina ganin an ƙara mini wata awar ce ta zama, ɗana yana can yana ƙarewa. Ruwan kuma ba shi da alama ko ɗaya. Na jiya da na yau duk ɗaya, har na fara zargin a tsaye muke ana yi mana ƙarar inji.

A ɗakin cin abinci sun ba kowa teburinsa, aka haɗa ni da wata tsohuwa 'yar Bretagne, Madam Yvonne. Ita kam tsoron jirgin sama ne ya kawo ta, kuma ba ta ɓoyewa. Ɗanta za ta je gani, Loïc. Loïc ya ce, Loïc ya saya, Loïc yana son miyar kifi, Loïc da yana ƙarami. Kafin a kawo kayan zaƙi ta kira sunan nan ya fi a ƙirga, tana zubar da shi kamar mai watsa wa kaji tsaba, ni ina zaune ina jin hassada irin wadda ban taɓa yi wa mace a kan zinariya ba. Ta tambaye ni nawa ɗan, na ce ba shi da lafiya. Ta dafa hannuna ta ce yaya sunansa, za ta kunna masa kyandir. Na ce mata shi ne babba. Ta jira, na ɗauki ruwa na sha. Daga ranar na koma cin kilishin Hadiza a ɗakina.

Likitar Lyon ta ce in yi ta tafiya kada jini ya sake kwanciya, don haka kowace safiya nakan zagaya jirgin ta waje, in ƙare a can baya inda ruwa yake fita fari daga ƙarƙashi, inda iska take hana mutane tsayawa. A nan na fara koyo. Kada ku yi dariya, ko ku yi, ba komai. Tsohuwa da jikoki ta tsaya riƙe da ƙarfe tana koyon faɗin sunan ɗanta kamar 'yar aji ɗaya. Ranar farko tari ne ya fito. Na waiwaya ko akwai mai gani, na ji kunya ta rufe ni kamar uwata tana tsaye a bayana. Washegari ya fito da raɗa. Daga nan na riƙa ɗaga murya, iska tana ƙwacewa tun bai bar leɓena ba, ina ƙara ɗagawa. Na kira shi yadda ake kiran yaro ya zo cin abinci, na kira shi yadda ake kiran wanda ya ɓata a kasuwa, na kira shi a hankali yadda zan yi a bakin gado. Ina yi ina kuka, ruwan gishiri yana dukan fuskata. Sanyin nan da ihun nan suka kama mini maƙogwaro, kafin mu kai rabin hanya muryata ta fara dushewa.

A tsakiyar teku, wata rana bayan la'asar, kika kira ni, Zuwaira, kika ce ya farka yana son magana da ni. Wayar tana yankewa tana dawowa. Na ce, kai, ya jikin? Sai na ji ya yi dariya, 'yar ƙarama, irin ta babansa. Ya ce jiki da sauƙi, ya ji an ce na zama matuƙiyar jirgin ruwa, ya tambaya ko ina amai, ko akwai tuwo a ciki. Hankalinsa garau, Hausarsa ta Lyon tana nan yadda take, rabi da Faransanci. Ya ce kada in damu da sauri, yana nan yana jirana, ba inda za shi. Sunan yana kan harshena a lokacin, na riga na iya shi, saura in saki. Na haɗiye shi. Na ce a raina saura kaɗan, ba a bari a kwashe tuwo tun bai nuna ba. Na ce masa ya yi ta addu'a, ya ce to Maman, wayar ta mutu. Wannan ce magana ta ƙarshe da na yi da ɗana yana sane da cewa ni ce.

Washegarin ranar jini ya fashe masa a kai. Kika kira kina ihu kina cewa da na bi maganarki da tuni na yi mako a wurinsa. Gaskiya kika faɗa. Na je wurin wani ma'aikaci mai fararen kaya na roƙe shi ko za a ƙara gudu, ya ba ni haƙuri da ladabi, ya tambaya ko ina son shayi. Sauran tafiyar ban san yadda na yi ta ba. Na yi salla ina kallon bayan jirgi, na zauna, na tashi, na sake zagayawa. Safiyar da muka isa kowa ya hau sama da kyamara don ganin gada da dogayen gine-gine, ni ina ƙasa a bakin ƙofar fita da jakata a hannu tun ba a ɗaure jirgin ba.

Ke kika ɗauke ni, ba ki gaishe ni ba, kika ce yana da rai, yana magana, amma kansa ya rikice, wani lokaci yana Lyon, wani lokaci yana wurin aiki, ido kuma ya tafi gaba ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, tunda kunne yana nan. A ƙofar ɗakin asibitin na roƙi ke da Aminata ku tsaya a waje. Na shiga na same shi ya rame, an aske rabin kansa, idanunsa a buɗe suna kallon rufi. Na ja kujera, na ɗauki hannunsa na sa cikin nawa, abin da ban yi ba tun yana shan nono. Na yi bisimilla, na kira sunansa da wannan dusasshiyar muryar da teku ta bar mini. Na sake kira. Ya juyo da kansa a hankali, ya amsa da Faransanci, da ladabin da muka koya masa:

«Na'am, madam. Wace ce?»

«Ni ce. Mamanka ce.»

Ya yi murmushi, ya zare hannunsa daga nawa a hankali don kada in ji haushi.

«A'a, madam, kin yi kuskuren ɗaki. Mamana tana cikin jirgin ruwa. Kuma ita ba ta kiran sunana.»

Ban san tsawon lokacin da na yi a kujerar nan ba. Na ce «kai» yadda na saba, na ce kai, ni ce, saurara da kyau. Maƙogwaron ya ƙi ba ni muryata. Kuka shigo ke da Aminata kuka yi ta rantse masa cewa ni ce, sai ya rikice, ya fara fizge robar hannunsa yana cewa ana so a ruɗe shi, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi masa allura ta ce kada a sake matsa masa. Likitansa ya ce haka ciwon yake, in ƙwaƙwalwa ta ajiye abu a wuri ɗaya ba ta yarda a matsar da shi. Ta ajiye ni a matsayin wata baƙuwa mai kirki, ta ajiye uwarsa a kan ruwa. Muryata ta dawo bayan 'yan kwanaki, na sha zuma da citta har na gaji, amma ba ta canja komai ba.

Sai na zama madam. Kullum da safe in zo in zauna, in shafa masa ruwa a leɓe, in karanta masa abin da na haddace. Ya saba da ni, har yana cewa Aminata matar nan ta masallaci tana da kirki. Da ya ji ina Hausa ya yi murna, ya ce mamansa ma 'yar Damagaram ce, ƙila mun san juna. Ya ba ni labarinta. Ya ce ta iya miyar kuka, ta yi aikin share lakwal shekara da shekaru ba ta taɓa makara ba, tana da faɗa amma ba ta taɓa barinsu da yunwa ba. Wata rana da hantsi, kina waje kina waya, na ɗauka barci yake, sai ya ce:

«In ta iso akwai abin da nake so in tambaye ta. So nake in san me na yi mata.»

«Ba ka yi mata komai ba,» na ce. «A garinsu haka ake yi wa ɗan da aka fi so.»

«An gaya mini haka,» ya ce. «Amma ke ba ki san ta ba, madam.»

Zuwaira, kina yawan tuna mini cewa bayan an binne shi, a jirgin sama na dawo, ban tambayi likita ba, ban yi allura ba, na sauka a Lyon ko ƙafata ba ta kumbura ba. Haka ne. Na shiga jirgin nan ina fatan abin da likita ta faɗa ya tabbata, Allah bai nufa ba. Ko da na bi sama tun a zuwa haka zan sauka lafiya, ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, kuma ba dare ko rana da ba na wannan lissafin. Abin da nake so ku cire daga bakin mutane shi ne kalmar tsoro. Ku ce ta yi taurin kai, ku ce ta auna ta yi kuskuren awo, amma ku faɗa wa 'ya'yanku cewa kakarsu ta isa, ta kira shi, har sau biyu.

A kwanakinsa na ƙarshe magana ta ragu, tambaya ɗaya ta rage masa. Duk wanda ya ji motsinsa sai ya tambaye shi ko jirgin ya iso. Da farko Aminata takan ce ya iso, ga ta nan a gefenka, sai hankalinsa ya tashi. Daga baya na hana ta, don na lura in an ce ya iso, abin da yake ji shi ne uwarsa ta sauka a garin ba ta zo wurinsa ba. Ranar Alhamis da azahar, ni kaɗai ce a ɗakin, ya lalubo hannuna da kansa ya riƙe. Numfashinsa ya riga ya canja, na san irinsa tun na babanku.

«Madam, jirgin ya iso?»

Na gyara masa bargo, na ce masa ya kusa.